Darasi: Gandun Itatuwa da Ajiyar Kabon, Abin da Ƙasar Chile Ta Gwada

Ganyen kowace bishiya mai rai yana shaƙar iskar kabon daga sararin sama. Da ƙarfin hasken rana yake haɗa ta da ruwan da saiwa ta jawo, ya mayar da su abinci, kuma da abincin nan ne gangar bishiya da rassanta da saiwoyinta suke ginuwa. In aka busar da itace sarai aka auna shi, kusan rabin nauyinsa sinadarin kabon ne, kuma tan ɗaya na wannan sinadari a jikin itace yana nufin an janye tan 3.67 na iskar kabon daga sama. Abin da ya sa wannan lissafi ya zama maganar gwamnatoci shi ne iskar ta yi yawa. Kafin zamanin masana'antu, in aka kasa iskar duniya kashi miliyan ɗaya, wajen kashi 280 ne nata. Yanzu ta haura 420, kuma ƙona kwal da man fetur da gas yana ƙara mata wajen tan biliyan 37 duk shekara. Ita ce take riƙe zafin rana kusa da ƙasa, har damina da rani suka fara saɓa wa abin da manomi ya sani. To tunda itace yana shanye ta, sai aka ce a cika ƙasa da dashe, a bar bishiyoyi su kwashe abin da injuna suka fesa.

Maganar ta karɓu ƙwarai. A 2011 aka ƙulla alƙawarin Bonn a Jamus, wanda daga baya aka faɗaɗa shi zuwa farfaɗo da hekta miliyan 350 na ƙasar da ta lalace kafin 2030. Sai dai itatuwa suna suka tara. Akwai dajin da ya fito da kansa, mai itatuwa iri-iri, manya da ƙanana, da matattun kututture da ruɓaɓɓen ganye a ƙasa. Akwai kuma gandun itatuwa na kasuwa, inda ake dasa iri ɗaya ko biyu a layi, duk sa'annin juna, a jira su kai sara. A ƙididdigar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2020, dazuzzukan duniya sun kai hekta biliyan 4.06, kuma irin wannan gandu ya ɗauki hekta miliyan 131 daga ciki. Abin da wannan darasi yake son tabbatarwa shi ne gandun kasuwa gona ce, amfaninta katako da takarda. Yana ajiye kabon, amma ajiya kaɗan, ta ɗan lokaci, kuma ba a cin ribarta sai in filin da aka dasa shi bai riƙe kabon mai yawa ba tun asali. Wanda ya lissafa shi a matsayin diyyar hayaƙin man fetur ya yi kuskuren awo.

Ƙasar Chile, a gefen yammacin Kudancin Amurka, ita ce wurin da ya fi dacewa a duba, domin ta yi wannan aiki shekaru kusan arba'in a jere kuma masana sun bi sawunsa da hotunan tauraron ɗan'adam. A 1974 gwamnatin soja ta Janar Augusto Pinochet ta fitar da doka mai lamba 701, wadda ta ɗauki nauyin kashi 75 cikin 100 na kuɗin dasa itatuwa, ta kuma ba masu gandu tabbacin gwamnati ba za ta ƙwace filinsu ba. Tallafin ya ci gaba har 2012. Iri biyu aka fi dasawa, kuma duka baƙi ne a ƙasar: itacen fayin mai siraran ganye, wanda asalinsa Kalifoniya, da bishiyar turare ta Ostireliya, wadda mu ma muka sani a makarantu da gefen tituna. Yankunan Maule da Biobío da Araucanía suka cika da su, har gandun ya wuce hekta miliyan 2. Ta fuskar kasuwa, ba a ce komai ba. Manyan kamfanoni biyu, Arauco da CMPC, suka shahara a duniya, kuma katako da ɓargon takarda suka shiga sahun manyan kayan da ƙasar take fitarwa, suna kawo mata biliyoyin daloli a shekara.

Ta fuskar kabon kuwa, sakamakon ya ba da kunya. A 2020 masana uku, Robert Heilmayr da Cristian Echeverría da Eric Lambin, suka wallafa nazarin abin da tallafin ya haifar tsakanin 1986 da 2011. Sun gano cewa ya ƙara faɗin ƙasar da itatuwa suka rufe, ya kuma rage dajin asali, kuma da aka haɗa biyun, yawan kabon da ke jikin itatuwan bai ƙaru ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A takarda dokar ba ta yarda a biya tallafi a kan filin da daji ya riga ya rufe ba, amma sa ido ya yi rauni, kuma mai fili da ya ga ana biyan kuɗi a kan dashe, ba a biyan ko sisi a kan dajin da ya gada, ya san inda ribarsa take. Wani nazari da Echeverría ya jagoranta tun da farko ya nuna cewa a wani yanki na tsaunukan bakin teku, tsakanin kogin Maule da Cobquecura, kashi 67 cikin 100 na dajin asali ya ɓace daga 1975 zuwa 2000. Wanda ya duba taswira zai ga kore ya ƙaru, ya yi murna, alhali tsofaffin itatuwa masu nauyi ne aka musanya da sababbi marasa nauyi.

Domin a fahimci yadda hakan ke faruwa, sai mu yi lissafi da adadin misali, waɗanda aka zaɓa don sauƙin ƙirga kawai. A ɗauka hekta ɗaya ta gandu tana tara tan 5 na kabon duk shekara, ana sare ta bayan shekara 20. Ranar sara tana ɗauke da tan 100. Washegari kusan babu komai, sai a sake dasawa. In ka bi filin nan tsawon shekaru masu yawa, wani lokaci a cike wani lokaci wayam, matsakaicin abin da yake riƙe da shi tan 50 ne, rabin abin da ake tallatawa. Yanzu sai a tambayi abin da ke filin kafin a dasa. In dajin asali ne mai riƙe da tan 120, an yi asarar tan 70. In zaizayayyen fili ne mai ɗan ciyayi, mai riƙe da tan 10, an ci ribar tan 40. Magidanci ya san cewa saurin zuba hatsi a rumbu daban, abin da ke cikin rumbun daban. Wanda ake cika nasa da kaka a kwashe da bazara bai kai wanda nasa ke cike shekara da shekaru ba, ko da na farkon ya fi saurin ɗura.

Akwai abu na biyu a wannan lissafi da ya kamata a tsaya a kansa, domin a nan masu talla suke yin shiru. Ribar tan 40 ɗin nan sau ɗaya ake cinta. Zagaye na biyu da na uku da na goma ba sa ƙara komai a kan matsakaicin, mayar da abin da aka sare kawai suke yi. Hayaƙin mota da na masana'anta kuwa kullum sabo ne. Tan 40 na kabon ya yi daidai da wajen tan 147 na iskar kabon. Raba tan biliyan 37 da 147, za ka samu hekta wajen miliyan 250. Ke nan bisa wannan misali, shanye hayaƙin shekara ɗaya tak yana buƙatar sabon gandu da ya ninka faɗin Najeriya fiye da sau biyu da rabi, kusan ninki biyu na duk gandun kasuwa da ke duniya a yau, kuma baɗi a sake neman wani filin mai girman haka. Canza adadin misalin yadda ka ga dama, ka ninka ribar sau biyu ma, ƙasar da za a yi hakan da ita babu ita, sai dai a cinye gonakin abinci da makiyaya.

Wannan ne ya sa Simon Lewis da abokan aikinsa suka yi gargaɗi a mujallar Nature a 2019. Sun duba tsare-tsaren ƙasashen da suka bayyana yadda za su cika alƙawarin Bonn, suka ga kashi 45 cikin 100 na filin gandun iri ɗaya za a yi, kashi 34 za a bar daji ya farfaɗo da kansa, kashi 21 kuma noma tare da itatuwa. A lissafinsu, da dukan hekta miliyan 350 za a bar wa dajin asali, zai ajiye tan biliyan 42 na kabon zuwa 2100, da kuma duka gandu za a yi, tan biliyan 1 kacal. Ana iya jayayya a kan girman tazarar, domin ta dogara da sau nawa ake sara da abin da ake yi da itacen. Wane ɓangare ne ya fi nauyi, wannan ba abin jayayya ba ne.

Sannan ga wuta. Kabon da ke cikin kwal da ɗanyen mai ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa miliyoyin shekaru, kuma da zarar an ƙona shi, wani kaso na iskar yana zama a sama ɗaruruwa har dubban shekaru. Wanda ke jikin fayin da turare kuwa ashana ɗaya ta ishe shi. Itatuwan biyu suna da mai da ƙaro a jikinsu, an dasa su a cunkushe, tsawonsu ɗaya, babu abin da zai tare harshen wuta in iska ta taso. A watannin Janairu da Fabrairu na 2017, lokacin zafi a can, gobara ta cinye fiye da hekta 500,000 a tsakiyar Chile, babban kaso daga ciki gandu ne, ta kashe mutum 11, ta kuma shafe garin Santa Olga. A watan Yunin shekarar ne wata gobarar ta kashe mutum 66 a Pedrógão Grande ta ƙasar Fotugal, yankin da shi ma fayin da turare suka mamaye. Kaso mai yawa na kabon da itatuwan nan suka tara a shekaru ya koma sama cikin makonni. Kuma ɗumamar da ake son gandun ya rage ita ce take ƙara fari da zafin da ke hura irin wannan wuta.

Mai adalci zai ce dokar 701 ba don kabon aka yi ta ba, a 1974 ba wanda yake wannan magana, don haka bai kamata a auna ta da ma'aunin da ba nata ba. Gaskiya ne, kuma akwai ƙari: tuddai da yawa na bakin tekun Chile sun zaizaye tun ƙarni na 19, lokacin da aka yi ta noma alkama ana kai wa masu haƙar zinariya a Kalifoniya da Ostireliya, kuma a irin waɗannan filaye fayin ya rufe ƙasa, ya rage zaizaya, ya ƙara kabon inda babu. Wannan shi ne filin tan 10 na misalinmu, kuma a nan gandu ya yi rana. Amma dalilin da ya sa ake nazarin Chile shi ne tsarin da ta bi shi ne dai ake sake tallatawa yau da sunan yanayi: a biya mutum gwargwadon hektar da ya dasa, a ƙirga dashe, a buga hoto. In tsarin biya iri ɗaya ne, halin mai fili ma iri ɗaya zai zama, ko da sunan shirin ya canza. Chile da kanta ta ɗauki darasin. Dokarta ta sauyin yanayi ta 2022 ta ce tsarin ƙasar na rage hayaƙi ba zai ƙarfafa dasa gandun iri ɗaya ba.

Hujja mafi ƙarfi ta masu goyon bayan gandu ita ce itacen da aka sare ba ya ɓacewa nan take. In ya zama azara ko ƙofa ko kujera, kabonsa yana nan a ɗaure shekaru da dama, kuma gidan da aka gina da katako ya rage buƙatar siminti, wanda yin sa kaɗai ke fitar da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya. Wannan hujja ce ta ƙwarai, kuma ya kamata a saka ta cikin lissafi. Sai dai a tambayi me ake yi da itacen a zahiri. Turaren Chile yawanci niƙa shi ake yi a yi takarda da kwali da tishu, waɗanda cikin 'yan watanni ko 'yan shekaru sun ruɓe ko an ƙona su. Ko a gungumen da aka kai injin yankan katako, babban kaso yana tafiya a dusa da ɓawo da guntaye, ga rassa da kututturen da aka bari a fili. Saboda haka gandun da ake bari ya daɗe, a yi katakon gini da shi, ya fi wanda ake sarewa duk shekara goma don takarda nesa ba kusa ba, kuma duk mai kawo hujjar katako sai ya nuna cewa nasa gandun na farkon ne. Haka ma hujjar cewa gandu yana sauke wa daji nauyi, tunda duniya ba za ta daina buƙatar itace ba. Tana tsayawa a inda doka ta tsare dajin da gaske. A inda ba ta tsare ba, mun ga abin da ya faru tsakanin Maule da Cobquecura.

Ruwa ma yana cikin farashin, kuma ga mutanen ƙasa mai ƙarancin damina wannan ya fi komai. Itace mai saurin girma mai yawan shan ruwa ne. Wani nazari da Robert Jackson ya jagoranta a 2005, wanda ya tattara awo fiye da 500 daga wurare daban-daban, ya nuna cewa inda aka mayar da filin ciyawa ko gona gandu, ruwan rafi ya ragu da kashi 52 cikin 100, kuma kashi 13 cikin 100 na rafukan sun ƙafe ƙurmus na aƙalla shekara guda. Afirka ta Kudu ta daɗe da gane wannan, dokar ruwanta ta 1998 ta ayyana gandun itatuwa a matsayin sana'ar da ke rage gudanar rafi, sai da lasisi. A kudancin Chile, ƙauyuka da dama da gandu ya kewaye, har da na ƙabilar Mapuche masu ƙorafin filayen kakanninsu ne aka dasa, da tankar mota ake kai musu ruwan sha. Dogon farin da ƙasar ta shiga tun 2010 yana da nasa laifin, amma itatuwa masu ƙishi a kan tudu ba su taimaki rijiyar da ke gangare ba.

Ɗalibin da ke Katsina ko Damagaram yana iya cewa duk wannan maganar masu daji ce, mu da hamada ke bin mu ai dashe ya zama dole. Akwai wuraren da hakan yake, inda ƙasa ta mutu har ba saiwa ba iri, kuma layukan darbejiya da aka dasa don tare iska a kwarin Majiya ta jihar Tawa sun amfani gonaki. Amma babban shirin dashe na yankinmu ya ba da nasa darasin. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, da nufin shingen itatuwa mai tsawon kilomita wajen 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton 2020 ya ce hekta miliyan 4 aka gyara a cikin zirin. A ɗaya ɓangaren, manoman Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 ba tare da gandu ba, ta hanyar sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostireliya, ya fara yaɗawa a Maraɗi a 1983. Manomi yana barin tohon da ke fitowa daga tsohon kututture, ya zaɓi rassa masu ƙarfi ya rage sauran, ya tsare su daga dabba da gatari. Saiwar tana nan da daɗewa, ta riga ta kai ga danshi, shi ya sa ba a shayarwa.

Ba za a ce wannan hanya ta ajiye kabon mai yawa a kowace hekta ba. Itatuwa miliyan 200 a hekta miliyan 5 wajen arba'in ke nan a hekta, alhali gandun fayin ana dasa sama da dubu. Fifikonta a wani waje yake. Ba a sare wani daji don a yi ta ba, ba a tashi kowa daga gonarsa ba, ba kuma a jiran ranar da za a aske filin gaba ɗaya. Gawo yana kaɗe ganyensa da damina ya bar wa gero rana, ya ba dabbobi 'ya'ya da rani, kalgo da sabara suna ba da makamashi, don haka mai gonar yana da dalilinsa na kansa na barin su a tsaye, ko an biya shi ko ba a biya ba. Abin da ya taimaka ƙwarai shi ne manoma sun samu tabbacin itacen gonarsu nasu ne, bayan zamanin da doka ta mayar da shi na gwamnati. Kabon da aka ajiye a jikin itacen da mai shi yake so ya fi daɗewa a kan wanda aka ajiye a itacen da ke jiran farashin takarda ya tashi.

Yanzu kamfanoni suna sayen abin da ake kira takardar shaidar kabon, wato su biya a dasa itatuwa a wata ƙasa, su rubuta cewa sun goge hayaƙin da suka fitar, kuma filayen Afirka suna cikin waɗanda ake nema. A Yuganda, rahoton ƙungiyar Oxfam na 2011 ya ce an tashi mutane fiye da 20,000 a gundumomin Mubende da Kiboga domin gandun wani kamfanin Birtaniya, ko da yake kamfanin ya musanta hannu a korar. Saboda haka in irin wannan tayi ya zo ƙauyenku, kafin mai gari ya sa hannu, ku nemi a faɗa muku abin da filin yake riƙe da shi yanzu da wanda ke kiwo ko noma a cikinsa, shekara nawa itacen zai yi a tsaye, me za a yi da shi in an sare, da wanda zai biya in wuta ta ci. Kafin darasi na gaba kuma, kowa ya sake lissafin misalinmu a littafinsa: tan 5 a shekara, amma a sare duk shekara 10 maimakon 20, a kan filin da a da yake riƙe da tan 30. Ku zo da amsar, riba ce ko asara, kuma ta tan nawa.